Keken da Ba Ya Tafiya

Shekara goma sha tara ina tuƙo albasa
daga Kware zuwa Sakkwato, buhu biyu a baya,
ban taɓa hawa keken da ba ya tafiya ba
sai ran Talata, a wani ɗaki can Dundaye.

Dakta Kulu ta ɗaura min tabarau mai nauyi,
baƙi ƙirin, ya rufe ido har gefen kunne,
ta manna wayoyi a ƙirjina kamar kaska.
Ta ce, "Modi, taka. Abin da ka gani, ka ƙirga."

Sai ga hanya ta buɗe a cikin duhu.
Kwalta sumul, ba rami, ba jaki,
ba warin fata daga majema,
rana na sama amma ba ta cizo.
Na yi dariya: wannan ranar ba 'yar garinmu ba ce.

Tumaki na tsallakawa, farare da jajaye,
jajayen kaɗai ake so in riƙe.
Wani mutum marar inuwa na tare ni,
bakwai sau goma sha biyu, cire tara,
ina ba shi amsa kafin ya rufe baki.
Ni da na goge da dillalan Kasuwar Daji!

Sa'a ta farko wasa ce.
A ta biyu gumi ya taru a gindin tabarau,
cinya ta fara gunaguni.
A ta uku
ƙafa na ta yi, ba ta nemi shawarata ba,
kai kuwa ya koma rariya.
Jar tunkiya ta wuce, na rantse fara ce.
Mutumin ya ce shida da takwas,
na ce sha uku, da ƙarfi,
kamar mai ba da shaida gaban alƙali.

Da ta cire min duniyar daga fuska
ta miƙo ruwa, ta juyo allon kwamfuta.
Wani layi ne, ya taso da ƙarfinsa,
ya yi ta janyewa kamar Rima da bazara.
Ta ce, "Ba kai kaɗai ba ne, gajiya ba ta sallama.
Kuskuren bai dame ni ba kamar tabbacin.
Dubi nan: inda ka fi ɓata, nan ka fi ɗaga murya."

Ruwan ya tsaya min a wuya.

Wata Laraba, shekara bakwai ke nan,
sawu uku na yi, na dawo bayan la'asar,
na zube a zaure na ƙirga ciniki.
Dubu biyu babu.
Attahiru, ƙanena, shi kaɗai ke kusa.
Ban sake ƙirgawa ba. Don me? Ai na tabbata.
Na faɗi kalmar da ba a maido ta baki,
kafin asuba ya ɗaure kayansa, sai Illela.

Dakta ta ba ni kuɗin abinci da wata takarda.
Na fito na hau nawa keken, mai kukan sarƙa,
rana ta gane ni, ta cije ni a ƙeya.

A kan gada na tsaya, na ciro waya.
Lambarsa na nan, ban taɓa gogewa ba.
Na nemi inuwa, na zauna,
na bari numfashi ya dawo gida tukuna,
sannan na danna.