Loma Uku

Sauda ta cika shekara biyu ranar Laraba.
Rigar da na ɗinka mata bara
ita ce a jikinta har yau, ban saki kabu ko ɗaya ba.
Ni tela ne, na san abin da tef ke faɗi
ko da na naɗe shi na jefa a durowa.

Tuwo ya zo bakinta, ta rufe ƙofa.
Shinkafa ta shiga, ta tare a kunci
kamar goron tsohuwa,
sai bayan la'asar uwarta ta sa yatsa ta ciro.
Kunu kaɗai take yarda da shi,
shi ma sai an tace sau biyu, ba gudaji.

A lungunmu na Gwale kowa likita ne.
Iya ta ce a toshe hanci a yi ɗura,
haka aka yi mana, ga mu nan da ranmu.
Mai kanti ya ce beli ne, a kira wanzami.
Mun yi ɗurar. Allah ya yafe mana.
Ni na riƙe ƙafafu, Mardiyya ta riƙe ludayi,
yarinya ta ƙware, ta shiɗe, ta amayar a tabarma.
Kwana uku in ta ga cokali
sai ta ɓuya bayan randa.

Daren nan Mardiyya ta yi magana ba ta kalle ni ba:
"Gobe kada ka buɗe shago."

Adaidaita ya sauke mu tun rana ba ta yi zafi ba.
Kati, layi, benci, kukan 'ya'yan wasu.
Aka ɗora ta a sikeli, allura ta tsaya inda ban so ba.
Aka zagaye dantsenta da wani tef mai launi,
ya faɗa kan rawaya.
Na ce a raina, ashe akwai tef ɗin da ya fi nawa rashin kara.

Dakta Zuwaira ba ta fara da magani ba.
Ta haska maƙogwaro, ta ce a bar beli inda Allah ya ajiye shi.
Ta ba ta ruwa, ta kasa kunne tana jin haɗiya.
Sannan ta ce, "Wa ke ci tare da ita?"
Muka kalli juna.
Babu. Tsaye muke a kanta kullum
kamar masu karɓar bashi.

Ta ce, "Tsoro ya riga abinci shiga bakin nan,
sai ya fita tukuna."
Ta tura mu ɗaki na gaba, wurin mai koya wa yara ci.
Ban taɓa sanin ci ma ana koyar da shi ba.

Matar ta murje dankali a faranti, ta zauna a ƙasa.
Sauda ta dangwala, ta shafa a kai, ta shafa a bango,
ba ta kai baki ba.
Matar ta ce madalla.
Ni kuwa kuɗin dankali nake lissafawa.

Talata bayan Talata muna komawa.
Iya ta ce asibiti na koya wa jikarta almubazzaranci.
Mardiyya ta sayi littafin ƙididdiga:
yau ta shinshina, yau ta lasa ta tofar,
yau babu komai, kuka kawai.

Mako na bakwai, bayan magariba, ba wuta,
ina cin wake da shinkafa a tsakar gida,
sai ga ɗan hannu a gefen kwanona.
Mardiyya ta mintsine ni a ƙafa: kada ka kalla.
Na kafa ido a kan igiyar shanya.
Na ji tauna. Na ji shiru. Na ji ta wuce.
Ɗaya.
Biyu.
Uku.
Ta huɗu ta miƙa wa mage.

Har yanzu akwai ranakun da take rufe ƙofa,
katinmu kuma bai cika ba.
Amma jiya ina sa mata rigar nan
hannun ya ɗan cije a dantse.
Na zauna bakin keke da reza
ina farke ɗinkina,
ina dariya ni kaɗai.