Dogo a Kan Tsohon Ƙyaure

Jirgin ƙasa bai zo Sakkwato ba,
sai na kawo shi ɗakina a Mabera,
tsakanin randa da ƙafar gado.

Tsohon ƙyaure ne filin,
taƙi takwas, ba ƙari.
Wayar keke ta zama dogo,
tsinken ashana ya kwanta ƙarƙashi,
gwangwanin kifi, tarago.

Lanƙwasar ce ta ƙi ni mako uku:
in na matse, jirgi ya tuntsure,
in na sake, Tumba ta rasa wurin sallaya.

Daren jiya ya zagaya sau bakwai bai faɗi ba.
Ɗiyata ta loda masa gero.
"Baba, ina za shi?"
Na ce Ƙaurar Namoda,
sai batir ya mutu gab da randa.