Rami Na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a ƙetaren gulbi.
Harobanda ta yi tsit, sai injin wuta ke tari.
Ni da Nomau mai gadi kaɗai muka rage:
shi yana fifita gawayin shayi a bakin ƙofa,
ni ina leƙen wani rami
da gashin gira ya fi shi kauri sau ɗari.

Feftid ake ce musu.
Guntayen sarƙa ne, amino biyu riƙe da hannun juna.
Ran da na sake su a faranti mai fili
watsewa suka yi,
kamar 'yan kasuwar Katako in hadari ya taso,
wannan ya hau wannan,
wancan ya dunƙule kamar kunun da ya kwana.

Shi ne na tuna randar Inna Tsahara a Tawa,
tsohuwar nan mai tsaga a gindi,
wadda take jiƙa kanwa a ciki.
Bakin randa fari ne buzu-buzu, ba tsari,
amma cikin tsagar
kanwa kan fito a jere, siririya, kamar haƙoran mataji.
Ina 'yar shekara bakwai nake kankare ta da farce in lasa,
in sha ranƙwashi.

Yanzu ni ke yin tsagar da kaina.
Ramuka arba'in a gilashin da bai kai ƙwayar gujiya ba.
In ɗiga ruwa, in rufe, in jira.
Kwana tara ke nan.
Wuta ta ɗauke sau shida,
zafi ya dafa mini ashirin,
sauran ba su ce uffan ba.

Nomau ya miƙo kofi ta taga.
"Malama, gonar taki ta tsiro?"
Na ce tukuna.
Ya ce, "Gero ma ba ya son a tsaya masa a ka."

Na shanye, na koma.
Na goma sha biyar, wayam.
Na sha shida, wayam.
Na sha bakwai,
wanda hannuna ya yi rawa ran da na zana shi,
ya matse fiye da ƙa'ida,
har na rubuta "ɓatacce" a gefensa da jar biro,
ga su nan.
Allurai ne, miƙe sambal,
kowace ta jingina da bango ta bi shi,
kansu duka ya dubi wuri guda
kamar sahu ya daidaita ba a ce a daidaita ba.

Ba su da sarari, sai suka yi tsawo.

Ban yi guɗa ba.
Na zauna ina tuna ɗakinmu na shekarar farko,
mu biyar, tabarma uku, fitila ɗaya,
kowa ta iya kwanciya a gefe guda har asuba.
Ban ce ƙunci alheri ba ne, Allah shaida,
ashirin sun mutu a cikinsa makon nan.

An ce wata rana irin waɗannan
za su ɗauki magani su kai shi inda ciwo yake,
ko su tsinci motsi su mai da shi wuta.
Wata rana.
Yau dai na kira Nomau ya sa ido a madubi.
Ya daɗe a duƙe, hularsa a hannu,
ya ɗago ya ce, "Wa ya jera su?"

Na soke jan rubutun.
A waje, masu kwale-kwale sun soma kiran juna.