Daren da Lasifika Ta Mutu

Ruwa ya tsuge a Tudun Wada ran nan,
kwanon rufi na ta kiɗan kansa.
Mu sittin a rumfar kallon Barau,
gwiwa na gugar gwiwa.
Minti na tara lasifika ta yi tari,
ta ƙara tari, ta yi gum.
Hoto na nan: mutum ashirin da biyu
na kai da komowa kamar kifi a kwalba.

Barau ya mari akwatin, ya hura waya,
ya tsine wa janareto.
Wasu suka miƙe, a ba su kuɗinsu.
Sai Tanimu mai faci, daga bencin baya,
da baƙin taya a farcensa,
ya gyara murya ya ce, "Ku zauna."

Bai ce mana ga ƙwallo ba, ya san muna da ido.
Ya ce, "Ku bar mai ƙwallon, ku dubi na hagu,
siririn nan mai jan ƙafa
kamar yaron da aka aika niƙa.
Ƙarya yake yi. Yanzu zai ɓalle."
Ya kuwa ɓalle.

Sunan kowa na bakinsa, bai karya ko ɗaya ba,
har wanda harshe ke tuntuɓe a kansa.
Ya ce suna riga ce, uwa ta ɗinka,
ba a yage ta don ana sauri.

Na sha jin masu sharhi:
wani tun busar farko yake kururuwa
kamar kwandasta a tashar Kawo,
in aka ci, ba shi da sauran murya.
Wani ya yi ta auna maka lissafi mudu-mudu,
shekara kaza, bugu kaza,
har ƙwallo ta shiga raga yana kan tiya ta uku.
Tanimu labari ɗaya ya ba mu,
shi ma sai da aka fita da mai rauni:
yadda golan can ya fara da tare lemo
a shagon kawunsa.
Ko gaskiya ne, oho. Mun dai so golan.

Ya ce satar gida ce. Aka maimaito hoton,
ashe ba ita ba ce.
Ya ce, "Na yi kuskure, alƙali ya fi ni tsayuwa."
Bai nemi inda zai raɓe ba.
Ishaya tela ya yi dariya ya miƙa masa gyaɗa.

Minti tamanin da bakwai, fenareti.
Na juya in ji me zai ce.
Bai ce komai ba.
Ya bar mu da ruwan da ke ɗiga a bokiti,
da numfashin mutum sittin,
da taku biyar na mai bugu.
Sai da raga ta motsa
ya saki kalma ɗaya, doguwa,
ta ratsa kwano ta fita,
na rantse an ji ta a gadar Kaduna.

Aka tashi. Muna neman takalma a duhu,
sai na gan shi ya zaro dubu biyu
ya danƙa wa Ishaya, ransa a ɓace.
Ashe ƙungiyarsa aka ci.
Minti tamanin yana magana
ba wanda ya shinshino hakan.

Washegari Barau ya sayo sabuwar lasifika.
Tana aiki, ba laifi.
Tanimu ya koma bakin titi da famfonsa,
yana tsoma tub a ruwa,
yana jiran inda kumfa za ta fito.
Haka ya kalli wasan nan, na ce a raina:
ya san inda iska za ta fita
tun kafin taya ta sace.