Inci Huɗu

A watan Yuni na sayo shi, can Toledo,
tafkin roba mai bangon ƙarfe, cikin kwali uku.
Na kafa shi bayan gida, gindin tuffa,
inda Lorraine ke shanya kafin ta rasu.
Jikata Odette za ta zo hutu.
Dalilin ke nan, ba wani.

Ban gama cika shi ba, ofishin gari ya aiko:
sai da takardar izini.
Na ce, filina, ruwana, kuɗina,
wa ya kasa da ku?
Na dai je. Na bi layi, na cike fom,
na zana gidana kamar ɗan firamare,
na biya, na fito ina ƙunƙuni.

Ranar Talata mai dubawa ta iso,
Malama Delgado, takalminta duk taɓo.
Ba ta ko kalli ruwan ba.
Shinge ta auna: ƙafa huɗu, ya kai.
Ta buɗe ƙofa ta sake ta,
ƙofar ta tsaya hangame tana kallonmu.
Ta ce, ita za ta rufe kanta, Malam Wendell,
sakata kuma can sama, inda gajere ba ya kai.
Tsanin nan a ɗage shi, a kulle.

Sai ta zaro ƙwallo daga jaka,
ɗan ƙarami, inci huɗu,
ta tura tsakanin katako biyu.
Ya wuce sumul, ya gangara cikin ciyawa.
Ta ce, inda wannan ya bi, yaro zai bi.
Ta rubuta abin da ta rubuta, ta tafi.

Na yini ina zaginta a zuci.

Da yamma ina zaune da shayi ya huce,
na ga hannu ta wannan kafar.
Ɗan maƙwabta ne, Ansel, bai cika uku ba,
yana miƙa wa agwagwar roba yatsu,
kafaɗa ta shigo, kunne na biye.
Ruwan ko motsi bai yi ba.
Haka yake jira, ba ya kira, ba ya kuka,
ba kamar wuta mai aiko hayaƙi ba.

Na kira sunansa a hankali.
Ya yi dariya, ya koma.

Daren nan da fitila a goshi na buga ƙusa,
har na ƙwale babban yatsa.
Ruwa ba sa'an kwando ba ne,
ni kuwa kwando na kewaye shi da shi.

Takardar tana manne a tagar kicin yanzu,
rana ta fara cin tawadarta.
Odette na iyo, tana fesa min ruwa.
In ta fita, ba na juyawa,
kunne kawai nake kasawa
har ƙofa ta ce ƙyas a bayanta.
Sannan in kurɓi shayina.