Igiyar da Ba a Gani

Ɓera ne ya fara, ba ni ba.
Ya shekara yana gaigayar igiyar kilabiyena
a bayan tebur, inda tsintsiya ba ta kaiwa.
Fannata ce ta ƙarasa masa aikin:
ta shigo da gudu, kofin kunu a hannu,
igiya ta harɗe mata ƙafa,
kunu ya bi tsakanin haruffa
kamar ruwan Agusta a lungunan Birni,
tana kuka, ina salati, na'ura tana dubawa.

Ran Alhamis na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole,
ragowar fansho ninki huɗu a aljihun ciki,
na dafe shi kamar mai ciwon ƙirji.
Lawali na zaune tsakanin caja da fitilu,
ya ce, Mushe, zamani ya tsinke igiya,
yanzu harafi a iska yake tafiya.

Ya ɗauko na fari, baƙi wuluk,
ja da kore na yawo ƙarƙashin madannai.
Jika ashirin da biyar.
Na ce, yaro, ba gidan rawa zan buɗe ba,
tatsuniyoyin uwata nake rubutawa.

Na biyu ta hanyar Kano ya shigo, araha kamar banza.
Na aza yatsu, idona rufe:
inda na bar A shekara talatin, wani baƙo ne zaune.
Yatsan da ya tsufa kan tafireta
jaki ne, gida ɗaya ya sani.
Na ajiye.

Na uku siriri, ba ya ko tari in an taɓa shi.
Ni kuwa ina son harafi ya amsa sallama,
in ji ƙas, in san ya isa.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni:
wanne ke da masu lanƙwasa?
Ya yi dariya har mai shayi ya waiwayo.
Ba ko ɗaya, Mushe, ko na miliyan.
To, baƙi su zama baki ke nan,
ƙafa ta koma kafa,
a bar mai karatu da cankewa?
Ya ce, ɗan Habsu mai karatu a jami'a
ya san yadda ake koya wa na'ura lanƙwasa,
kai masa goro, ko kuɗin kati.

Can ƙasan kwali akwai wani toka-toka,
ba kyau, ba muni, kamar ni.
Haruffansa na zaune inda na bar su.
Batir biyu ƴan ƙanana, wai su kai ni bazara,
da wani ɗan abu kamar ƙwayar gujiya
da ake cusawa a bayan na'ura.
In wannan ya ɓace, in ji Lawali,
faranti ka saya, sai ka zuba dabino.

Jika goma. Na ce biyar. Albarka.
Na miƙe, na kakkaɓe riga, na yi taku uku.
Muka tsaya a bakwai.
Jika bakwai saboda jika ɗaya,
na ƙirga sau biyu kafin in saki.

Da la'asar na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa,
na'ura na ciki, ni ina waje, inda iska take.
Na danna sunan uwata, Hajjo,
sai ga shi can ɗaki, fari bisa gilashi,
ba wanda ya kai shi.

Fannata ta durƙusa tana lalube a ƙasa.
Kaka, ina igiyar?
Ban san me zan ce mata ba.
Na ce, ruga ki gani.
Ta ruga tsakanina da na'ura, ta dawo, ta sake,
gatanan gatananku na ratsa ta,
ba ta faɗi ba,
ni ma ban daina bugawa ba.