Mai Gyaran Agogo Yana Ƙirga Dare

Shekara talatin da biyu ina gyaran agogo a Taminus,
kunnena ya san bugun da ke tafiya daidai
da wanda ya kusa tsayawa.
Amma agogon da ya fi ba ni tsoro
yana kwance a gefena cikin bargo biyu,
sunansa Ladidi.

Minsharin bai dame ni ba.
Jikoki sun daɗe suna tsokanarta,
wai injin markaɗe ya kwana a ɗakinmu.
Shirun ne.
Minshari ya hau, ya hau, sai ya yanke
kamar an ɗaure bakin buhu.
In fara ƙirge: ɗaya, biyu, goma sha tara,
sanyin Jos na kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa
ni kuwa gumi nake.
Ashirin da uku, sai ta fizgo iska
kamar wadda aka tsamo daga kududdufin kuza,
ta gyara kwanciya,
ba ta san ta je ko'ina ba.

Da rana gyangyaɗi a kan kwandon tumatir a Farin Gada,
canji ya ɓace mata, fuska ta kumbura,
muryarta ta yi kauri.
Muka ce tsufa ne. Muka sha saiwa, muka sha rubutu.

A asibitin Lamingo suka liƙa mata wayoyi,
ta kwana, na'ura ta yi ƙirgen da na saba yi.
Suka ɗebi jini.
Dakta Nanret ta ɗora yatsu biyu a gaban wuyanta,
ta ce, nan akwai wata 'yar tsoka
mai zubin malam-buɗe-littafi,
ita ce ta yi sanyi da aiki,
sinadarin homon ɗinta ya ƙaranta,
harshe ya yi nauyi, hanyar iska ta matse.

Na ce, wato batir ne ya yi rauni.
Ta ce, kusan haka, Baba, amma ban yi alkawari ba.
In ƙwayar ba ta wadatar ba
sai na'urar hura iska ta bisa hanci.
Na tambaye ta ko na'urar ta san halin wutar Gangare.
Ta yi dariya har ta ajiye biro.

Ƙwaya ɗaya, ba ta kai rabin wake ba,
da asuba, da ruwa zalla, kafin koko.
Ni ke ɓallo ta da farcen da nake buɗe agogo.

Wata na huɗu ke nan.
Shirun bai ƙaura ba, ya dai rage zama.
Jiya na ƙirga har bakwai, iska ta dawo da kanta,
na ce bari in jira na gaba.
Sai kiran salla na ji.

Ladidi na zaune tana ɗaura kallabi.
Ta ce, Malam, ashe kai ma kana minshari.